Kaset ɗin da Kawu Munzali Ya Ɓoye

In ka shigo Daura ka tambayi Munzali mai bidiyo, yaran yanzu ba za su gane shi ba, don kowa da wayarsa a hannu, kowa ya zama mai ɗaukar hoto. Amma ka tambayi duk matar da aka yi bikinta shekara ashirin baya, sai ta yi dariya ta ce, "Wannan mai durƙuson?" To shi ne. Ƙanin mahaifiyata ne, ciki ɗaya, kuma duk cikin mutanen da suka yi mini rana a duniya ba kamarsa. Ni direba ne, Daura zuwa Baure nake yi, bakina ya fi sabawa da faɗa da 'yan kamasho, don haka in na kauce a yi haƙuri da ni. Sunana na yanka Abdulrazak, amma Nagoggo kowa ke ce mini.

Kawu da hoton kati ya fara, a wani ɗan shago bayan tasha, mai labulen da aka zana wa jirgin sama da bishiyar dabino. Rabin mutanen garin nan sun tsaya gaban jirgin nan sun dafa fulawar roba. Daga baya ya tafi Kano, ya yi shekara huɗu wajen masu shirya fim. Riƙon fitila aka fara ba shi, da aka ga yana da ido aka miƙa masa kyamara, daga nan ya koyi tacewa, wato zaman da ake yi bayan an gama ɗauka, a yanke wannan a jona wancan har labari ya miƙe. Ana cikin cewa Munzali ya kama hanya, sai kakanmu ya makance. Shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu. Ya naɗe kayansa ya dawo gida, ya koma ɗaukar biki da suna da walimar sauka, kuma ban taɓa ji ya ce da na sani ba.

Durƙuson da ake tsokanarsa da shi kuwa, dalili gare shi. Ba ya ɗaukar mutum daga sama.

"Tsoho yana zaune a tabarma," in ji shi, "kai ka tsaya a kansa ƙiƙam kana ɗaukar tsakiyar hularsa, ai ka mai da shi yaro. Sauko daidai idonsa mana."

Wandunansa duk a gwiwa suke mutuwa. Matarsa ta yi faɗa ta gaji, ta koma sa tela ya riƙa ninka masa ƙyalle a wurin tun wajen ɗinki.

Ba ya cewa a yi murmushi, ba ya cewa a kallo nan. Jira yake sai an manta da shi. Kowa ya ruga wajen amarya, shi sai ka hango shi can yana ɗaukar hannun uban amarya yana jan carbi da sauri, ko tsohuwar da ta wuni tana tuƙi ta samu ta miƙe ƙafa. In an zo fita da amarya, wasu masu bidiyo waƙa suke zubawa a kai. Shi kashe komai yake yi, ya bar ƙarar takalmanta kawai da shessheƙar ƙannenta, kuma duk wanda ya kalli wurin sai ya nemi bakin mayafi. Mata dai sun sha kai ƙararsa. Akwai wata Hajiya da ta ɗinka leshi musamman domin bikin, ta zo shago a fusace ta ce an nuna tukunya sau uku, ita sau ɗaya. Kawu ya ce, "Hajiya, ai tukunyar ba ta kalli kyamara ba." Ta fita tana Allah ya isa. Bayan wata biyu ta aiko a zo a ɗauki bikin 'yarta.

Wata rana tun ina saurayi, motata tana wajen bakanike, na je shagonsa na zauna ina zaman banza. Ya juyo kyamara ya ɗauki fuskata, ban ce komai ba, ban yi komai ba. Can ya kira telan da ke kusa da shi, ya kunna masa. Kwanon shinkafa da wake ne ya fara fitowa, sannan fuskata.

"Me ka gani?" in ji Kawu.

Tela ya ce, "Kai, yaron nan yunwa ta kusa kashe shi."

Kawu ya sake kunnawa. Wannan karon motata ce da bonet a buɗe, sannan fuskata. Tela ya ce baƙin ciki ya ishe ni. Aka sa hoton wata budurwa da ta zo ɗaukar kati, tela ya buga cinya ya ce Nagoggo ya faɗa tarko. Alhali fuskar nan guda ɗaya ce, kuma ni a lokacin ba abin da nake tunani sai ƙaiƙayin da ƙafata ke yi. Kawu ya ce mai kallo da kansa yake ɗinke hoto biyu in an jera masa su, shi aikinsa jerawa ne kawai. Na ce, "Ashe Kawu sana'ar taku ƙarya ce tsagwaronta." Ya yi ta dariya har da tari.

To bari in zo kan abin da ya sa nake wannan dogon zance.

Ni ne ɗan fari wajen Inna. Ana yaye ni Goggo Hussaina, yayar babanmu, ta ɗauke ni, nan sunan nawa ya samo asali. Kowa ya san alkunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ya dame ta. Amma ta Inna ta wuce ta kowa. Wasu iyayen in ɗa ya girma sukan sassauta, ita ko kusa. In na shiga gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. In za ta ba ni abinci ta ce wa ƙanwata Raihana, "Miƙa wa mutumin can." Ƙannena kuwa a yi ta hira da su ana shewa, ina yin sallama ɗaki ya yi tsit. Goggo tana da rai abin bai dame ni ba, ina da uwa. Da ta rasu, shekara ɗaya kafin aurena, sai ya fara ci na a rai.

Kawu ne ya ɗauki bikina. Awa biyu cur. Muka zauna ni da Fadila, matata, muka kalla daga farko har ƙarshe. Kowa ya fito, har mai kitso, har akuyar maƙwabta da ta shigo ta ci ganyen alala. Inna ko bayanta ban gani ba. Na je na tambayi Kawu, ya ce, "Ka san Yaya da hoto," ya ci gaba da goge gilashin kyamararsa.

Shekara bakwai da auren, tayar gaba ta fashe mini dab da Baure, mota ta wuntsila. Kwana ashirin da uku na yi a asibiti, ƙafa a rataye. 'Yan tasha sun zo, har fasinjojin da na taɓa zagi sun zo. Inna kunu take aiko Raihana da shi kowace safiya, amma ƙafarta ba ta taka ɗakin nan ba. Kullum idona yana ƙofa. Ranar da aka sallame ni na ce wa kaina shi ke nan, an gama. Mutane suka ce alkunya ce. Na ce alkunyar da karyayyar ƙafa ba ta motsa ta ba, rashin so ne kawai aka sa masa suna mai daɗi. Tun daga nan na daina shiga ɗakinta. Ranar Sallah in tsaya a tsakar gida, in ɗaga murya in yi gaisuwa, in juya. Shekara bakwai ina wannan haukan, Allah Ya yafe mini.

Bara waccan da damina ciwo ya kwantar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Na tura Fadila da magani da lemo, ni ban je ba. Fadila ta yi magana, Raihana ta yi kuka a waya, limamin unguwarmu ya tare ni a ƙofar masallaci. Kowa haƙƙin uwa yake tuna mini, kuma na san gaskiya suka faɗa. Amma zuciyata ta ƙi. Cewa nake in na je ma me zan tarar, macen da ba ta taɓa so na ba. Likita kuwa ya riga ya gaya wa Raihana a yi ta addu'a.

Wata Talata da hantsi ina kan layi, saura mutum biyu mota ta cika, sai ga Kawu a kan tsohon babur ɗinsa.

"Nagoggo, bar wa wani lodin nan, hau mu je."

"Kawu, in wa'azi ne an riga ka."

"Na yi maka kama da mai wa'azi? Hau, ka cika surutu."

Shagon dai shi ne, sai kwamfuta da ta maye wurin tsofaffin injuna, aiki kuma ya ja baya tun da waya ta cika gari. Ya zaunar da ni, ya tura ƙofa saboda haske, ya kunna.

Abin bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Fuskar Inna ce ta fara fitowa, Inna ta shekara goma sha huɗu baya, kumatu a cike, tana kallon wani abu a gefe. Aka yanke, sai ga ni cikin babbar riga ranar aurena, a tsakar gidanmu, abokai sun kewaye ni. Aka koma kanta, an jawo fuskar kusa, ido ya kawo ruwa. Aka dawo kaina. Ya rage wa hoton gudu, komai yana tafiya a hankali, ya sa sarewa can ƙasa-ƙasa. Wallahi aiki ya yi kyau. Kwana biyu ya yi a kansa, daga baya yake gaya mini.

Ni kuwa jinina ne ya hau. Na miƙe har kujera ta kife.

"Haba Kawu! Ni za ka yi wa wannan? Ni da ka zaunar a shagon nan ka sa mini yunwar da ba na ji? Wa ya san abin da take kallo? Ƙila albasa take yankawa, ƙila Raihana take kallo. Ka ɗauko fuskarta ka manna kusa da tawa, ka busa sarewa, don in fashe da kuka in je in durƙusa ko?"

Na ɗauka zai zage ni, kuma da ya zage ni da na cancanta. Amma bai yi ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon kwamfutar.

"Kai, na yi wauta," ya ce. "Hannu ne ya saba. Shekara talatin ina gyara wa mutane abu, na manta wannan ba ya son gyara. Ɗaga mini kujerata ka zauna."

Ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, ya tono wani ɗan kaset a naɗe cikin leda. A jikinsa an rubuta da biro: Yaya, kada a taɓa. Ba abin da ke iya kunna shi sai tsohuwar kyamarar da ta ɗauke shi, ita ma sai da ya yi ta fama da wayoyi kafin ya jona ta da talabijin.

"Wannan almakashi bai taɓa shi ba," in ji Kawu. "Ka zuba ido. In ka ga inda hoto ya yi tsalle ko sau ɗaya, tashi ka koma lodinka, ba zan sake yi maka maganar ba."

Hoton yana rawa, don tafiya yake yi da kyamara a kafaɗa. Ba sarewa, sai guɗa da ƙarar tukwane da hayaniyar mata. Shi ɗan gida ne, yana shiga inda wani namiji ba ya shiga. Ya bi ta bayan rijiya, ya leƙa ɗakin girki. Ga Inna ita kaɗai, ta ba shi gefe, hannunta jiƙe da ruwan wankin shinkafa, ta tsaya jikin 'yar tagar nan mai ƙarfe uku. Kyamara ta tsaya a fuskarta, ta daɗe. Sannan a hankali ta fara bin inda idon yake kallo. Ta wuce kafaɗarta, ta wuce bangon da hayaƙi ya baƙanta, ta kai ƙarfen taga. Hasken waje ya kashe hoton ya yi fari, ya dawo, sai ga tsakar gida. Ba albasa, ba Raihana. Ni ne, ina ta washe baki, hulata ta karkace har ta kusa rufe mini kunne.

Kyamara ta koma ta hanyar da ta zo. Inna ta ɗaga jiƙaƙƙen hannun nan a iska, daidai inda kaina yake a tagar, ta yi kamar tana gyara hular. Ta sake yi. Sai ta yi tsaki, ta leƙa ƙofa ta yafito Raihana, ta raɗa mata magana a kunne. Kyamara ta sake komawa taga. Ga Raihana ta ratso cikin maza, ta yi ɗage ta daidaita mini hula. Ga ni na buge mata hannu ina harararta.

Na tuna. Wallahi tallahi na tuna lokacin nan, har cewa na yi ba ta da kunya, ta kutso cikin abokaina.

Da kyamara ta dawo ciki, Inna murmushi take yi, hawaye yana bin kumatunta, tana gyaɗa kai, leɓenta yana motsi da addu'a. Ban taɓa ganin fuskar nan haka ba, ni da Inna ta haifa da cikinta. Sai ta juyo ta ga Kawu.

"Munzali!"

Tafin hannunta ya rufe gilashi, talabijin ya yi baƙi, amma murya tana fita.

"In ka nuna wa wani wannan ina raye, ban yafe maka ba."

Aka ji Kawu ya ce, "To, Yaya." Kaset ya ƙare.

Hoton bai yi tsalle ba ko sau ɗaya. Na nema, don da niyyar kama shi na zauna, ban samu ba. Ni da ƙafata ta karye gida biyu ban yi kuka ba, ranar nan na kifa kai a teburin Kawu na yi mai isata. Bai ba ni haƙuri ba, naɗe wayoyinsa ya ci gaba da yi.

Da na samu murya na ce, "Shekara goma sha huɗu, Kawu?"

"Alkawari na ɗauka. Da ka yi haɗari sau biyu ina fito da shi ina mayarwa. Na ce in bari sai ta rasu in ba ka. Shekaranjiya na je na ga jikinta, na dawo na ce in na cika alkawarin nan, hoto kawai zan miƙa maka, uwar ta tafi."

"Ai ta ce ba ta yafe ba."

"Wannan tsakanina da yayata ne, ba ruwanka. Kai dai tashi."

Ban koma tasha ba. Da ƙafa na tafi, ana kiran azahar na isa. Na yi sallama a ƙofar ɗakin da na shekara bakwai ban shiga ba. Raihana tana zaune da kofi da cokali, ta ɗago ta gan ni, cokalin ya faɗi. Inna ta rame, ta zama 'yar ƙarama a gadon. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta juya fuska ga bango yadda ta saba. Da can da tuni na miƙe. Wannan karon na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar gado, na ce ko Magariba za a kai ina nan.

Can ta ce, da harshenta da ciwo ya sa ya yi nauyi, "Munzali ya ci amanata ke nan."

Ba wanda ya gaya mata. Ni da Raihana muka kalli juna. Sai ta janye ƙafarta mai lafiya a hankali, ta bar wuri a bakin gado. Na tashi na zauna a wurin.

"Raihana," ta ce, fuskarta tana bango har yanzu, "ki gaya wa mai motar nan ya riƙa rage gudu in zai shiga Zango. Duk matar da ta sauka daga motarsa ta shigo gidan nan sai na tambaye ta, kuma bakinsu ɗaya."

Raihana tana dariya tana share ido ta ce, "Inna, ai ga shi nan, yana jin ki."

"Ke na gaya wa."

Wata biyar ta ƙara a duniya. Kullum in na sauke lodin ƙarshe can nake zarcewa, in zauna a bakin gadon in matsa mata hannun da ya shanye, tana aika mini saƙo ta bakin Raihana ina amsawa. Kawu kuwa ya sha hukuncinsa. Kwana arba'in ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ya zo ya zauna a ƙofar ɗaki, ya ce, "Yaya, ya jiki?" a yi masa shiru, ya yi zamansa ya tashi, gobe ya dawo. Ina ciki a kan gado, shi dattijo yana waje a kan turmi. Na ce bari in roƙar masa, ya ce in na buɗe baki sai ya saɓa mini. Ranar da ta sauko, cewa kawai ta yi, "A ce wa Munzali ya shigo, rana ta yi zafi."

Kawu yana nan da ransa. Ido ya yi rauni, bara ya rufe shagon, yanzu 'yan tumakinsa yake kiwo a gida.

Kawu, wata biyar ɗin nan da na yi a bakin gadon uwata kai ka ba ni su, kuma kai ka zauna a rana dominsu. Na gode. Allah Ya jiƙan Inna, kai kuma Ya saka maka da Aljanna.